Famanan da Rumbun Ƙasa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Abba, a Kaduna.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah wannan takarda ta iske ka lafiya cikin rufin asiri. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baki da sharrin abin da ido bai gani ba. Innarka tana gaishe ka. Ba zan cika ka da labarin gida ba, kowa yana nan yadda ka bar shi. Malam Sabo tela ne ke riƙe da alƙalami, ni ke magana. Na ce masa abin da na faɗa shi zai rubuta, kada ya gyara mini baki. In ka ga magana ta karkace, tawa ce.

Ranar da ka zo sallama ka zauna a zaure, ka buɗe takardar ɗaukarka aiki, ka ɗora yatsa kan wata kalma ta Turanci, ka karanta ta da ƙarfi don dattawa su ji. Malam Sabo ya ce ga yadda ake rubuta ta: permanent. Ni famanan bakina ke iya cewa, kuma haka zan ci gaba da cewa. Ka ce ma'anarta aikin ya zama naka, ba na wucin gadi ba ne. Kowa ya yi maka barka. Sai ka ƙara da cewa da an gama kaka za ka aiko da motar siminti, a rushe ɗakunan ƙasa da tsohon rumbun da ke tsakar gida, a ɗora bulo, komai ya zama famanan. Ka dube ni ka ce, "Baba, ka huta. Ba sai an riƙa taruwa yaɓe duk shekara ba."

Ban ce maka komai ba. Mutane sun ɗauka murna ce ta ɗaure mini baki, kuma akwai murnar. Amma akwai wani abu a ƙarƙashinta da ba a faɗa wa ɗa a gaban jama'a. Tun da ka tafi kalmar nan take bina gona, take bina masallaci. Ga shi dawa ta fara sunkuyar da kai, motarka ta kusa. Shi ya sa na zo na zauna a rumfar Malam Sabo na hana shi ɗinki, don maganata ta riga simintinka isowa.

Ba ranar na fara jin kalmar ba. Ka tuna lokacin da kuɗin man nan ya fara ɓarkewa, aka kawo manyan motoci rafin da ke tsakaninmu da hanyar Yankara? Kana makaranta, hutu kawai ke kawo ka. Da fari sun shimfiɗa katakai bisa ƙarafa, motocinsu na bi ta kai. Na je na tsaya na duba, na ce wa shugaban leburorin, wani Bazazzagi mai yawan fara'a, ruwan farko zai kwashe wannan abu. Ya ce ya sani. Ya ce ai wannan tamfarari ce, ta ɗan lokaci, famanan tana tafe, ga ramukan ƙafafunta can ana haƙa. Ka ga a zama ɗaya ya ba ni kalmar da akasinta, ni kuwa ban kula da ko ɗaya ba, gardama na je yi.

Na ce masa na san rafin nan tun ba a haifi ubansa ba. Na jera masa abin da rafin ya ci: shanun Fulanin da suka sauka gefensa, kayan ɗakin wata amarya da aka ɗauko daga Mabai, da kukar da ya tumɓuke da saiwarta ya kai ta inda ba wanda ya sake ganinta. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Baba, duk gaskiya ne. Ka dai ba mu damina ɗaya." Na ce a gaban mutane ƙafata ba za ta taka gadarsu ba sai ta ga damina ta tsaya.

Ta ga damina, ta tsaya. Na ce wannan ai ba damina ba ce, yayyafi aka yi. Na ci gaba da bi ta cikin ruwa da jakina, ƙarƙashin gadar, mutane suna wucewa ta bisa kaina suna leƙowa suna cewa, "Malam, sannu da ruwa." Innarka ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mutumin da ke fushi da ƙarfe ba. Har wata ranar kasuwa cikin marka ruwa ya zo da ƙarfin da na daɗe ina yi wa gadar fata. Ni ya samu. Ya share ƙafafun jakin, kayan barkonon da na ɗauko suka bi rafi, ni kuma na rungume wata saiwa ina salati. Nomau, maƙwabcin gonarmu na unguwar Maguzawa, shi ya jefo mini igiyar akuyarsa daga bisa, shi da matansa suka ja ni. Jakin ya fita da kansa can ƙasa, ya fi ni hankali.

Ranar na fara tsayawa a kan gadar, jiƙe sharkaf. Na dafa ƙarfen gefenta. Abba, ban san yadda zan kwatanta maka ba. Ruwan nan da na sani tun ina yaro, wanda ake ambatonsa da ladabi, yana ta dukan ƙafafunta da itatuwa da gawar tumaki, ina jin rugugin a tafin hannuna, amma ko girgiza ba ta yi ba. Na daɗe a tsaye. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda Ya sanya wa ɗan Adam wannan hikima, ya kwaɓa toka da tsakuwa su zama dutse a inda ya ga dama. Har yau in na bi ta kanta sai na rage tafiya.

To ka ji kuskurena na fari. Abin da na sani na baya ne, na ɗauka ya isa ya auna na gaba. Inda kake yanzu za ka ga abubuwan da babu su a duk labarin da na ba ka. Kada ka raina abu don ubanka bai san shi ba. Ka tsaya ka dafa shi tukuna. In ya fi abin da ka sani, ka faɗa da bakinka, ba sai ruwa ya ci barkononka ba.

Sai dai ni in na juya gaba ɗaya nake juyawa. Da auduga ta yi kyau na kira magini daga Faskari ya yi mini rumbun bulo a bayan gida, ka san shi, mai rufin kwano da ƙofar ƙarfe. Na tambaye shi, wannan famanan ne? Ya ce famanan ne, jikokinka za su gaje shi. Na sa aka sussuke dawa tun ba ta gama shan rana ba, don ina ɗokin ganin ta a ciki. Aka zuba, na rufe, na sa kwaɗo.

Tsohon rumbun mahaifina kuwa, na ƙasa, tun ina saurayi ba na yin nisa da shi. Nakan kafa tsani in hau, in ɗaga jinka, in tura hannu har kafaɗa cikin hatsi, in ji sanyinsa, in shinshina. Ba wanda ya ce in yi, tsoro ne ke sa ni, don na san ƙasa ce, tana iya tsagewa, gara na iya shiga. Shi kuwa sabon, me zan duba? An ce famanan ne. Na bar shi.

Innarka ce ta fara cewa tana jin wani tsami daga bayan gida. Na ce hancinta ne. Ta ce to, Allah Ya ba hancin nata lafiya. Sai ga Nomau wata safiya zai wuce gona, ya tsaya bakin danga yana ɗaga hanci, ya ce, "Malam, ashe kai ma ka fara dafa giya irin tamu? Ai da ka aika, da mun zo da ƙoƙunanmu." Ya yi ta dariya har da dafa gwiwa. Da na buɗe ƙofar, zafi ya bugi fuskata kamar na leƙa tukunya. Dawar ta yi gumi, ta cure, ta yi baƙi. Ko kaji sun ƙi ta. Nomau ya bar dariya. Washegari dai na ga matansa sun shigo da dammuna a ka. Shekarar, su da tsohon rumbun ƙasa suka riƙe gidan nan.

Na so in ga laifin maginin, ban samu ba. Bai yi mini ƙarya ba. Ga rumbun can tsaye, ko tsaga babu. Bangon ne famanan, hatsin ba famanan ba ne, kuma ni na zuba shi da ɗanyensa na juya baya. Ka riƙe wannan a wurin aikinka. Sun ce kujerar taka ce, na yarda. Amma abin da ka shiga da shi, sallarka, da sunan gidan nan, da hannunka da bai saba karɓar abin da ba nasa ba, hatsi ne. A wuri mai ƙofar ƙarfe ya fi saurin yin gumi, don ba mai leƙawa. Ka riƙa tura hannu har kafaɗa. In matar da Allah zai ba ka ta ce tana jin tsami, kada ka ce hancinta ne.

Da ka tafi, na ce wannan karon ba zan bar kalmar ta wuce ni ba, sai na san cikinta. Na je asibitin Faskari don gwiwar nan tawa, na tambayi malamin da ke ba da magani ko su ma suna da ita. Ya ce suna da ita mana, ai haƙoran da yaro ke zubarwa tamfarari ne, waɗanda ke fitowa bayansu su ne famanan. Na buɗe masa bakina na ce ya ƙirga mini famanan ɗin da suka rage. Ya yi dariya har ya aje allura. Sannan ya ce, "Baba, ba wai ba sa faɗuwa ba ne. Ana nufin in sun faɗi babu wasu a bayansu." Na fito na zauna ƙarƙashin dalbejiyar asibitin ina juya maganar. Ashe kalmar da kuke murna da ita tana da wannan fuskar. Abin da ba a ba ka sau biyu shi ma sunansa ke nan.

Bayan nan aka yi rasuwa a dangin innarka a Mabai, muka je gaisuwa. Ɗan yayarta Malam Isiyaku, wanda ke koyarwa a Ƙanƙara, yana wurin. Na ja shi gefe. Ya ce in biyo shi gida, ya ɗauko wani littafi mai kauri kamar tubali, wanda aka tara kalmomin Turawa a ciki. Ya ce kowace an rubuta ma'anarta, da masu kama da ita, da akasinta, da inda ake sa ta. Na riƙe littafin na ji nauyinsa. Ni da ake kira in faɗi iyakar gonaki da wanda ya haifi wane, na ɗauka ina da kai. Mutane sun zauna sun bi maganar bakinsu ɗaya bayan ɗaya sun ɗaure ta kamar dami, don kada ta zube. Abin ya cika mini ido.

Ya karanta mini. Ya ce famanan shi ne abin da ke ɗorewa, abin da ya kafu, abin da aka yi ba da niyyar a ɗauke shi ba. Ya ce akasinta ba ɗaya ba ne. Akwai tamfarari ɗin da na sani, wadda Malam Sabo ya ce a rubuce temporary ce, ita ta abin da aka kafa kafin na gaske ya zo. Akwai wata ta abin da ke zuwa da lokacinsa ya koma, kamar ciyawar damina. Akwai wata kuma ta abin da ke giftawa kamar inuwar tsuntsu, kafin ka ɗaga kai ya wuce. Na ce masa ashe su ma sun san duniya, tun da kalmomin wucewa sun fi na zama yawa a bakinsu.

Ya ce ana sa ta a aiki, kamar naka. Ana sa ta a tabon da ba ya gogewa. Ana sa ta a tawadar da ruwa ba ya wankewa. Ya ce kuma duk ma'aikaci akan tambaye shi wuri biyu: inda yake kwana yanzu, da gidansa na famanan, inda za a neme shi in an rasa shi ko'ina. Ban san me ka ce musu ba da suka tambaye ka.

Sai na yi masa tambayar da ta fi damuna. Na ce liman ya karantar da mu ba mai dawwama sai Allah, to yaya mutum zai buga wa takarda hatimi ya ce abu ya dawwama? Ba saɓo a ciki? Ya ce a'a, ba dawwama suke nufi ba. Ya ce in sun ce aikinka famanan ne, nufinsu ba a yanka masa ranar ƙarewa ba, shi ke nan. Na ce to ashe ni ma famanan ne, tun da ba wanda ya faɗa mini ranata. Ya ce, "A'a Baba, taka an yanka, ba a dai sanar da kai ba." Yaron nan ya yi karatu. Na hau jakina na dawo gida.

Yanzu ga abin da ya zaunar da ni a rumfar nan. Malam Sabo, ka rubuta wannan a hankali.

Kana da ƙanin uba, Baba Ali. Ka gan shi kana ƙarami, ban sani ba ko kana tuna fuskarsa. Da mahaifinmu ya rasu, wanda ka ci sunansa, Ali ya koma Sabuwa yana sayar da goro. Amma duk shekara, in rani ya yi nisa kafin ruwa ya sauko, sai ya zo yaɓe. Haka muka taso. Ana haƙo ƙasa a kududdufin bayan gari, a zuba mata ruwa da yankakkiyar ciyawa, a bar ta ta ruɓe, sannan a shiga a tattake ta da ƙafa. Mata su jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa ke nan, wanda ke hana ruwa cin bango. Duk wanda aka haifa a gidan nan, ko ina yake, zai zo ya sa hannu. A nan ake jin wanda ya samu ƙaruwa da wanda matarsa ta yi yaji. A nan ake faɗa a shirya, don ba ka iya ƙin yi wa mutum magana alhali shi ke miƙo maka ƙasa kana bisa tsani.

Wata shekara Ali ya iso a gajiye, ƙafarsa ta kumbura, ya baro rumfarsa a hannun wani. Na tausaya masa. Kuma ba zan ɓoye ba, yayyenka sun tasa, ina jin gidana ya cika da hannuwa. Da zai koma na raka shi bakin hanya na ce, "Ali, ka huta. Ba sai ka riƙa zuwa ba, akwai yara." Ya dube ni ya ce, "To, Yaya." Na ɗauka alheri na yi masa.

Ba mu yi faɗa ba, ko sau ɗaya. Shekarar da ta biyo ya aiko da goro. Ta bayanta ya aiko da gaisuwa. Daga nan sai in an yi mutuwa, daga baya ko mutuwar ma sai labari ya iske shi an riga an share makoki. Ni kuma ban je ba, don ba abin da zai kai ni. Ina cewa a raina ai ciki ɗaya muka fito, wannan ba ya gogewa. Na sa masa kwaɗo na juya baya, kamar dawar nan.

Da ya rasu, 'ya'yansa maza suka zo sanar da ni. Sai da suka tambaya a bakin masallaci aka nuna musu gidan. Suka tsaya a ƙofar zauren da ubansu ya yi rarrafe a ciki suna sallama kamar masu neman hanya. Na fito ban san su ba. Babban ya ce, "Ko nan ne gidan Malam?" Muryar Ali ce sak. Na shigo da su, innarka ta kawo ruwa, suka sha a tsugune, suka ƙi zama kan tabarma. Tun daga ranar ba su dawo ba, kuma ban ga laifinsu ba. Ni na sallami ubansu.

Da suka tafi na zagaya gefen gabas na tsohon rumbun, inda ruwa ke duka, inda yaɓe ya ɓalle ya bar baki. Ka taɓa dubawa da kyau? Ba bango ɗaya ba ne. Yaɓe ne bisa yaɓe, kamar ɓawon albasa. Ni ina karanta shi yadda Malam Isiyaku ke karanta littafinsa. Can ciki akwai jar ƙasa, ta ramin da mahaifina ya haƙa kafin a cike shi a yi masallaci a wurin. Akwai wani siriri kamar takarda, na shekarar da fara ta cinye amfani, ba mai ƙarfin tattaka ƙasa, amma duk da haka an yi. Akwai mai yawan ciyawa, na shekarar da aka kawo innarka, 'yan'uwanta suka zo taya mu suka cika masa ciyawa irin ta mutanen Mabai, muka yi ta yi musu tsiya. Kuma akwai na Ali. Bahago ne, shafarsa daga dama take komawa hagu, ta kowa kuwa akasin haka. Sawun yatsunsa na nan, shekara bisa shekara, sannan ka zo inda suka ƙare. Daga nan duk hannu ɗaya ne.

Na sa yatsuna cikin sawun nasa. Abba, rumbun nan ƙasa ce da ruwa. Damina ɗaya in aka ƙyale shi za ta fara cinsa, kaɗan bayanta ya zama tudu. Amma ya girme ni, ya ga mutuwar wanda ya gina shi, ya ciyar da mu shekarar da na bulo ya ba mu kunya. Na tsaya ina tunani, wannan wace kalma ce tasa a littafin Malam Isiyaku? Ba tamfarari ba ne, don ba a kafa shi kafin wani ya zo ba. Ba kuma irin famanan ɗin gada ba ne, da za a gama a tafi a bar shi. Yana tsaye ne don ana dawowa. Ban sani ba ko Turawa suna da kalmar wannan. In ka samu wanda ya sani a can, ka tambayar mini.

To ka ji abin da ya ɗaure mini baki a zaure. Maganar da na yi wa Ali a bakin hanya ita ka maido mini, ba ka rage ko kalma ba, kuma da zuciya mai kyau ka faɗe ta, kamar yadda na faɗa. Shi ya sa ta ba ni tsoro.

Ga abin da na yanke. Ka aiko da simintinka, ban ƙi ba, na riga na ga abin da yake iyawa. A fara da ɗakin innarka. Ta gaji da tara ƙwarya a ƙarƙashin yoyo, kuma ta ce in na hana ta ɗakin bulo za ta koma Mabai da tsufanta, in ga wanda zai dama mini fura. A yi zaure, a yi katanga, a sa kwano ya yi ta ƙyalli har a hango shi daga Tafoki. Zan zauna a ciki in gode wa Allah in sa maka albarka.

Amma rumbun mahaifina ba za a taɓa shi ba. In magininka ya kusance shi da guduma zai iske ni zaune a gindinsa, kuma ka san ni, na yi damina biyu ina bi ta ƙarƙashin gada.

Malam Isiyaku ya faɗa mini wani abu da na riƙe. Ya ce ma'aikacin famanan yana da hutu duk shekara, haƙƙinsa ne, na tamfarari ne ba shi da shi. Ashe kalmar taka da kanta ta ba ka hanyar gida. Ka nemi naka in rani ya yi nisa, lokacin da ɗorawa ta bushe a bisa. Kada ka aiko da leburori, kada ka aiko da goro. Yayyenka za su yaɓe gefen yamma da kudu da arewa. Gefen gabas naka ne. Zan haƙo ƙasar, zan jiƙa ta, innarka za ta tanadi makuba, amma ba wanda zai sa hannu a gefen nan, ko ni. In ka zo, ka tuɓe takalman ofis ka shiga ka tattaka, sawun hannunka ya hau bisa na Ali. In ba ka zo ba, haka zai tari ruwan farko da bakinsa a buɗe, kuma nan ne ruwa ke duka. Innarka ta ce wannan rigima ce irin ta tsofaffi, Malam Sabo ma ya ɗago kai yana dubana. Ka rubuta, Malam Sabo, haka na ce.

Na aika Sabuwa a faɗa wa 'ya'yan Ali su ma akwai ƙasa tana jiran su. Ban sani ba ko za su zo. In sun zo, ina so su iske wanda zai miƙa musu ita.

Na taɓa ce wa wani nawa ba sai ya zo ba. Kai ba zan ce maka haka ba. Sai ka zo.

Allah Ya tsare fitarka da shigarka. Ya haɗa ka da shugabanni masu adalci da abokai masu tsoronSa. Ya kare ka daga motocin garin nan da aka ce ba sa tsayawa kowa, Ya sa abincinka ya zama halal, Ya ba ka lafiyar da za ka hau tsani. Ranar da aka yanka mini ba a sanar da ni ba, Allah Ya sa ta iske ni na ga hannunka a bangon. Innarka ta ce ka riƙa cin abinci, kuma ka aiko da ma'aunin wuyanka Malam Sabo ya ɗinka maka rigar da za ka ɓata da ƙasa.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.